Ɗinki Babu Zare a Bargon Batir

Shekara talatin da huɗu Baba Tela ya yi a kan keken ɗinki kafin idonsa ya fara yi masa rashin mutunci. Da farko kafar allura ce ta ƙanƙance. Ya ce masu ƙera allura ne suka lalace, yanzu ba sa huda ta yadda ya kamata. Daga baya ya ɗinka wa wani direba wando, ƙafa ɗaya da baƙin zare, ɗayar da shuɗi, aljihun baya kuma yana kallon ƙasa. Direban ya sa makullinsa a aljihu, makulli ya faɗo masa a kan takalmi. A satin nan Baba ya rufe shago, ya ce wa jama'a bayansa ne yake ciwo.

Mutum ɗaya ne bai yarda da zancen baya ba, matarsa. Baba yana ce mata Gwamnati, saboda a gidan nan in ta yanke magana babu ɗaukaka ƙara.

"Bayan naka ne ya sa jiya ka gai da tulun ruwa ka ce sannu da aiki?" in ji ta. "Mu je asibitin ido."

"Idona garau yake. Duhun gidan nan ne ya yi yawa."

Ita kuwa rana tana tsaka, suna tsakar gida.

Mijin 'yarsu, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi ya samo masa aiki a wata cibiyar bincike da yake yi wa gyara. An ce ana neman mai hannu a almakashi. Baba ya sa rigarsa mai kyau ya je, yana zaton labule za a ba shi. Sai aka kai shi wani dogon ɗaki mai warin asid, ga tankuna biyu na roba, ga tiyo ya kewaye ko'ina, ga ƙaramin famfo yana ta gurnani. Ruwan tanki ɗaya rawaya, na ɗayan kamar an jiƙa shuni. Shugaban ɗakin, wani siririn dattijo da kowa ke ce wa Farfesa, ya tsaya ya yi masa bayani na rabin awa.

Abin da Baba ya tsinta a cikin bayanin kaɗan ne, amma ya isa. Wannan duka batir ne, irin wanda ake so ya ajiye wutar rana don gari guda. Ruwan nan mai launi, wanda aka narkar da wani ƙarfe mai suna banadiyam a ciki, shi yake riƙe wutar. Famfo yana tura shi ta cikin wani akwati da ke tsakanin tankunan. A cikin akwatin akwai wani baƙin abu mai laushi da kauri, na gawayi, wanda a ɗakin ake ce wa bargo. A jikin zaren bargon nan ruwan yake karɓar wuta, a nan kuma yake sauke ta. In ruwa ya ratsa bargo da daɗi, wuta ta fito da ƙarfi. In ya ratsa da ƙyar, famfo ya yi ta nishi, wuta ta fito kamar ana roƙonta. Duk mutanen ɗakin nan da digirorinsu, aikinsu ke nan: su gasa bargo a tanderu, su jiƙa shi, su wanke shi, ko zai saki jiki da ruwa.

"Kai kuma naka yanka," in ji Farfesa. "Biyar-biyar, goma-goma, yadda aka ce maka. Dokoki uku ne. Ba a taɓa bargo sai da safar hannu. Ba a sa masa alli ko biro, don zai gurɓata. Kuma bargo ba ya fita daga ɗakin nan. Wanda ya fitar da shi, ya bi shi, kada ya dawo."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai wasa ne."

Wasa? Jama'a, a ba tela baƙin ƙyalle, a hana shi alli, ga kuma ido yana hazo! Rular ƙarfen da aka ba shi, lambobinta sun zame masa kamar ƙwan kwarkwata. Satin farko ya yanka guda ashirin, babu ko ɗaya mai kusurwa huɗu ta gaskiya. Farfesa ya ɗaga guda ɗaya sama, ya juya shi, ya tambaya a hankali ko da gaske an taɓa sayen sutura a hannunsa. Maganar nan ta ci wa Baba rai ƙwarai. Ya koma gida ko shayi bai sha ba.

Ya zauna yana kallon tsohon kekensa da aka rufe da zani a kusurwar ɗaki, sai dabara ta faɗo masa. Ido ya tafi, amma yatsa na nan. Keke kuwa ba ya buƙatar zare kafin allura ta huda.

Ranar Juma'a da aka tashi, ya yanko bargo faɗin kamu biyu, ya naɗa a cikinsa a ƙarƙashin riga, ya fito yana tafiyar manya. Wanda bai taɓa naɗa bargon gawayi a fatar cikinsa ba bai san ƙaiƙayi ba. A cikin mota ya riƙa mutsu-mutsu har matar da ke kusa da shi ta sauya wuri. Asabar da hantsi ya buɗe keke, ya zare zaren, ya sa sabuwar allura, ya daidaita ma'aunin gefe a faɗin santimita ɗaya. Ya bi bargon nan da layi a tsaye, layi a kwance, tun daga wannan baki har wancan. A ido ba ka ganin komai, don gashin bargon yana rufe hudar. Amma in ka shafa da yatsa za ka ji layukan a jere. Daga ranar nan in an ce biyar-biyar, sai ya ƙirga gida biyar da yatsa ya sa almakashi.

Yanka ya miƙe. Farfesa ya gwada da rula ya gyaɗa kai. Baba ya dawo mutum.

Sai dai Maigadi, mai tsaron ƙofar cibiyar, ya sa masa ido. "Baba, ni wannan tumbin naka ya ɗaure min kai. Ranar Juma'a da yamma ya fito, Litinin da safe ya shigo, tsakiyar sati kuma babu shi."

"Ciwon iska ne," in ji Baba. "Ka bar ni da lalurata."

Gwamnati kuwa kullum cikin mita take. Baƙar ƙura a kan keke, a kan tabarma, har a cikin kofin shayi. Amma ta lura mijinta in yana taka keken nan waƙa yake yi ƙasa-ƙasa, abin da ya daina tun da ya rufe shago. Saboda haka ta riƙa mita tana sharewa.

A ɗakin binciken akwai wata ɗaliba da ta shekara huɗu tana neman digirin dakta a kan gashin bargo. 'Yar Lissafi ake ce mata, don ko gaisuwa ka yi mata sai ta duba littafinta kafin ta amsa. Ita ce kaɗai take ce wa Baba ya zauna ya huta, ita ce take ajiye masa kujera kusa da taga. Shi kuma yana ce mata 'yata. A watan da Baba ya fara fita da tumbi, a watan ne ita ma ta sauya yadda take gasa bargo, ta ƙara zafi, ta rage lokaci. Ta sa sabon bargo a akwati, ta kunna famfo, ta dubi kwamfuta, ta kurma ihu. Ƙarfin wutar ya haura abin da ake samu a da da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ta sake, haka. Ta sake sau goma sha biyu, haka. Farfesa, wanda murmushinsa sai an yi sa'a, ya zagaya ɗaki yana tafi. Baba ma ya taya su murna da zuciya ɗaya. Shi a saninsa tanderu ce ta yi aiki.

Haka aka yi wata takwas cikin daɗi, ta rubuta kundinta har ta kusa kammalawa. Sai Baba ya zame a banɗaki ya gurɗe ƙafa, likita ya ba shi sati uku a gida. A cikin kwanakin nan yankakken bargo ya ƙare. 'Yar Lissafi ta ɗauki rula da reza ta yanka da kanta, ta gasa yadda ta saba, ta kunna famfo. Wuta ta koma gidan jiya.

Da Baba ya dawo yana ɗingishi ya tarar da ɗaki kamar an yi rasuwa. An zargi tanderu, an kira mai gyara ya duba ta. An zargi famfo, an sauya shi. An zargi ruwan banadiyam, an haɗa sabo. An rubuta wa masu sayar da bargo wasiƙa mai zafi, sun amsa da wadda ta fi ta zafi. Tsofaffin bargunan da suka yi abin kirki kuwa an riga an zubar da su tare da sharar asid. Farfesa ya kulle sauran naɗin a kabad ɗin ofishinsa, ya ce daga yau ita za ta yanka da hannunta, a gabansa, don kada a ce ga inda aka samu kuskure. Aka ba Baba wankin kwalabe.

Ranar Talata yana wanke-wanke a bayan ƙofa ya ji Farfesa yana magana da ita, murya ƙasa-ƙasa.

"Ranar Alhamis kwamiti zai zauna. Ni ban ce kin ƙirƙiro lambobin nan ba. Amma za su tambaya, kuma ba ni da abin da zan ce musu. In sakamako bai dawo ba, za a janye kundin."

"Wallahi abin da na gani na rubuta," in ji ta.

"Na ji. Amma ba ni zan yanke ba."

Ta fito ta wuce Baba, ta zauna a kujerarsa ta kusa da taga, ta buɗe littafinta tana kallo ba ta karantawa. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

Da yamma ya ba Gwamnati labari, yana cewa abin tausayi, yarinya mai hankali, ko tanderun ce aljanu suka shiga. Gwamnati tana ninke wanki, ba ta ko ɗago ba.

"Yaushe wutar ta ƙaru?"

"Wata takwas ke nan."

"Yaushe ka fara cika min gida da baƙar ƙura?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Yaushe ta lalace? Ba da ka kwanta da ƙafa ba?" Ta ajiye zanin. Ta ɗauko wani guntun bargo da ya rage a aljihun keke, ta riƙe shi a kan kwano, ta tsiyaya masa ruwan buta. Ruwan ya bi layukan allura ya zubo a jere. "Duk macen da ta taɓa wanke bargo ta san inda allura ta bi nan ruwa yake fara ratsawa. Ku da Farfesanku ba ku taɓa wanki ba ne."

Baba ya dube ta. "Ke, kin san abin da kike faɗa kuwa? In na buɗe baki, doka ta uku ta hau kaina. Kuma za su tambaye ni me ya sa na yi, in ce me? In ce ba na gani? Wa zai bar makaho da almakashi? Shago na rufe, nan ma a kore ni, in dawo in zauna a ƙofar gida ina korar kaji?"

"Ita kuma a ce mata maƙaryaciya. Shekara huɗu."

"Ai ƙila famfon ne."

"Ƙila," in ji Gwamnati, ta ci gaba da ninke wankinta.

Ranar Laraba Baba ya fasa kwalba biyu. Sau uku yana zuwa ƙofar ofishin Farfesa, sau uku yana dawowa. A na ukun har ya ƙwanƙwasa, da aka ce shigo, ya ce dama ya zo tambaya ne ko sabulu ya ƙare. Da aka tashi, 'Yar Lissafi ta tsaya kusa da shi tana haɗa jakarta.

"Baba, in ban dawo ba bayan gobe, na gode. Yankanka ya fi nawa kyau. Ni nawa duk sai na auna sau uku."

Baba ya ci gaba da goge kwalbar da ke hannunsa. Tsoro yake ji, kuma kunya ta fi tsoron yawa.

Alhamis da safe Maigadi ya ga abin da bai taɓa gani ba. Motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofa, aka sauke keken ɗinki da teburinsa da ƙafafunsa. Gwamnati a gaba, jaka a hammata. Baba a baya yana ɗingishi, yana riƙe da kan keken kada ya karce.

"Baba, yau tumbin ne ya fito da ƙafafu?"

"Buɗe mana ƙofa, kai dai."

Suka ajiye keke a tsakiyar ɗakin bincike, tsakanin tankin rawaya da na shuni. Farfesa ya fito riƙe da takardun kwamiti. Baba ya cire hula. Jawabin da ya kwana biyu yana shiryawa ya gudu ya bar shi, sai kawai ya ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Ni ne ɓarawon bargo."

Ya faɗi komai. Naɗin ciki, ƙaiƙayi, layi a tsaye, layi a kwance. Da ya zo kan dalili sai ya tsaya yana murza hula. Gwamnati ta ƙarasa masa.

"Ba ya gani, ranka ya daɗe. Shekara shida ke nan. Yanzu haka da yake maka magana, wancan tankin yake kallo."

 Farfesa ya ajiye takardun a hankali. Baba ya sunkuyar da kai yana jiran a nuna masa ƙofa.

"Allura lamba nawa?" in ji Farfesa.

"Na'am?"

"Allurar da kake hudawa da ita. Lamba nawa?"

"Sha takwas. Ta ɗinkin kaki."

"Tazarar huda fa?"

"Uku nake sawa. In ka sa biyu yagewa yake yi."

Farfesa ya juya ga 'Yar Lissafi, wadda ta tsaya baki buɗe. "Kina tsaye? Rubuta mana!" Ya ciro makulli ya buɗe kabad da kansa, ya miƙa wa Baba bargo. Ya aika wa kwamiti cewa a ɗage zama zuwa Litinin.

Baba ya sa safar hannu, ya zauna, ya taka keke da lafiyayyar ƙafar. Mutane masu digiri bibbiyu suka kewaye shi suna leƙen allurar da babu zare. Aka gasa, aka sa a akwati. Juma'a da la'asar 'Yar Lissafi ta kunna famfo, ta dubi kwamfuta, ta sake kurma ihun nan nata na wata takwas da suka wuce. Sannan ta gwada hudadden bargo da tsohon gashi, don a san na wa ne na wa. Sai ga shi sabon gashinta ya ƙara ɗan kaɗan ne, sauran duk aikin allura ne. Ta zauna a ƙasa tana dariya tana share hawaye.

"Baba, shekara huɗu ina gashi, ka zo da allurar kaki ka wuce ni!"

"Yi haƙuri, 'yata. Wallahi ba da gangan na yi ba."

Farfesa ya kira shi ofis. Ya ce doka doka ce, shi ba ya janye magana, an sallame shi daga yankan bargo daga yau. Baba ya ce ya gode, ya juya. Farfesa ya ce bai gama ba. Bargo ba zai sake fita daga ɗakin nan ba, saboda haka keke ne zai zauna, kuma keke ba ya taka kansa. Akwai hudar da za a gwada iri arba'in, manya da ƙanana, matsattsu da masu tazara. Sharaɗi ɗaya ne: ranar Litinin asibitin ido. Gwamnati tana bakin ƙofa ta ce, "Allah ya ƙara girma." Shekara shida tana faɗa, sai da Farfesa ya faɗa ya zama magana.

A asibiti aka ce cutar yana ce, farin hazon nan, ta rufe idon, aka yi masa aikin da bai kai awa ɗaya ba. Da aka cire bandeji abin da ya fara gani fuskar Gwamnati, ya ce ashe ta yi furfura. Ta ce ta gode, shi ma ya nemi madubi.

Shekara guda bayan haka 'Yar Lissafi ta gama sake rubuta kundi, kwamiti ya amince, ta zama dakta. Ta kawo wa Baba nasa har gida, mai baƙin bango. Ta buɗe masa shafin farko, ta nuna masa sunansa a cikin waɗanda suka yi aikin, ba a cikin waɗanda aka gode wa ba. Ya shafa wurin da yatsa, don sabo. Sai ta buɗe tsakiya, inda aka sa hoton bargon ranar Alhamis ɗin nan, an ƙara masa girma ya cika shafi.

Baba ya gyara tabarau. Ya matso da littafin, ya ja shi baya.

"Wa ya yi wannan aikin banza?"

"Kai ne, Baba."

"Ni? Dubi layin nan yadda ya kwanta! Dubi wannan, ya tafi yawo ya dawo! Shekara talatin da huɗu ina miƙe ɗinki, babu wanda ya ɗauki hoto, sai wannan ne za a sa a littafi duniya ta gani? Cire shafin nan, in yi miki wani."

"Ba zan cire ba. Wannan ne ya wanke ni."

Ya yi ta mita har ta tafi. Da gida ya yi shiru, ya ce littafi irin wannan bai kamata ya zauna babu riga ba, ƙura za ta ɓata shi. Ya buɗe tsohon akwatin shago ya ciro guntun yadi mai kauri, allurar hannu da zare. Gwamnati ta miƙo hannu don ta zura masa, yadda ta saba. Ya ce ta bari.

Ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allura wajen taga. Ya kuskure sau ɗaya. A na biyu zare ya shiga. Ya zauna riƙe da shi yana kallo, bai fara ɗinkin ba tukuna, Gwamnati kuma ta juya ta shiga kicin tana cewa hayaƙi ne ya shigar mata ido, alhali ko wuta ba ta kunna ba.